Idan Ƙwai Ya Ƙi Ƙyanƙyasuwa a Akwatin da Aka Haɗa a Gida

Masu kiwon kaji da zabi da dama a jahohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, har da unguwannin gefen Yamai, sun rungumi ƙyanƙyasar ƙwai da akwatin da aka haɗa a gida. Wani da katako yake yin nasa, wani da tsohon firigo, wani ma da kwali mai kauri. Wani ampul yake sa masa, wani fitilar kalanzir, wani kuma batir da faifan hasken rana. Dabarar tana da amfani, domin kazar gida ba ta cika rufe ƙwai fiye da 10 zuwa 12 ba, kuma muddin tana kwanci ko tana jan ƴan tsaki ba ta saka wani ƙwai. Sai dai kuka ɗaya ake yawan ji: an zuba ƙwai 60, an yi mako uku ana tsaronsa dare da rana, ƴan tsaki 9 suka fito, ko ma babu ko ɗaya. Kuɗin ƙwai ya tafi, kuɗin mai ya tafi, in kuwa jarin ƙungiya ne sai zargi ya biyo baya.

Abin da aka saba yi a irin wannan hali shi ne a kwashe baragurbin a zubar, a ce ƙwan ne ba shi da kyau, ko a ce bakin mutane ne. Yin haka hasara ce a kan hasara, domin baragurbin nan shi ne shaidar da za ta faɗi inda aikin ya ɓaci. Kowane ƙwai da bai fashe ba yana ɗauke da alamar ranar da ransa ya tsaya, ranar kuwa ita ke nuna dalili.

Ma'aunan da ba a wasa da su

Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabo kwana 26 zuwa 28, na talotalo 28, na agwagwar da aka fi kiwo a ƙasarmu kuwa 35. Akwatin da ke da fanka a ciki yana son zafin digiri 37,5 zuwa 37,8 a ma'aunin Selsiyus. Wanda ba shi da fanka yana son 38,5 zuwa 39, idan an auna daidai da saman ƙwan. Danshin iska ya kasance kashi 50 zuwa 55 cikin 100 har zuwa kwana na 18, sa'an nan a ɗaga shi zuwa 65 ko 70 a kwana ukun ƙarshe. Ana juya ƙwai aƙalla sau 3 a yini, a daina kwana uku kafin ranar fitowa, wato kwana na 18 ga kaza, wajen na 24 ga zabo.

Haska ƙwai da fasa baragurbi

Ba sai an jira ƙarshe ba kafin a san abin da ke gudana. A kwana na 7 a shiga ɗaki mai duhu, a ɗora bakin tocila bisa gefen ƙwai mai faɗi. Ƙwai mai rai zai nuna jijiyoyin jini sun bazu kamar saƙar gizo, da ɗan duhu a tsakiya. Wanda haske ya ratsa tas a fitar da shi. Ɓawon ƙwan zabo yana da kauri da ɗige-ɗige, don haka a bari sai kwana na 10. A sake haskawa a kwana na 14 da na 18, ana yi da hanzari.

Fasa baragurbi kuwa sai a kwana na 23 ga kaza, na 30 ga zabo. A yi shi a fili, nesa da yara da sauran kaji, a sa leda a hannu, a fasa daga gefe mai faɗi. A ƙirga kowane iri a rubuta, a binne duka cikin rami, a wanke hannu da sabulu.

Idan aka tarar da gwaiduwa da farin ƙwai kawai, babu jini babu komai, to ko ƙwan ba shi da iri, ko ya mutu tun kafin a zuba shi. A nan ba akwati ne da laifi ba. Zakara ɗaya ya ishi kaji 8 zuwa 10. In sun fi haka, ko zakaran ya tsufa, ko ya rame, ƙwai da yawa zai zo babu iri. Tsananin zafin bazara ma yana rage ƙarfin zakara. Zabi sun fi wuya, domin namijin zabo ya fi son ya riƙe mace ɗaya ko biyu, sabili da haka garken da aka sayar da mazansa aka bar mata zalla yakan ba da ƙwai mai yawa wanda ba ya ƙyanƙyasuwa. Ƙwan gidan gona da ake sayarwa a tire don ci, galibi daga kajin da ba su taɓa ganin zakara ba yake, ba a zuba shi ko kusa.

Maganar ajiya kafin zubawa ta fi nauyi a ƙasarmu fiye da yadda ake zato. Ƙwan ƙyanƙyasa yana son wuri mai sanyin digiri 12 zuwa 18, kuma kada ya wuce kwana 7. Da zarar zafi ya haura wajen digiri 25, ɗan tayi yakan fara girma a raunane, ba cikakken zafi ba cikakken sanyi, har ya mutu tun ƙwan yana cikin ƙwarya. Ɗakin da ke da rufin kwano a watan Afrilu ya wuce wannan iyaka nesa. A zafi kada a tara ƙwai fiye da kwana 3 ko 4. A ajiye shi cikin tukunyar ƙasa da aka kafa bisa yashi mai laima a inuwa, tsininsa yana kallon ƙasa, ba tare da ruwa ya taɓa shi ba. Ƙwan kasuwar ƙauye kuma babu wanda ya san kwanansa: ya sha rana, ya sha girgizar amalanke da babur, sau da yawa ma an tsoma shi cikin ruwa don a gwada ko sabo ne. Ɓawon ƙwai yana da wani siririn shafi da ke toshe ƙofofinsa daga ƙwayoyin cuta, ruwa kuwa yana wanke shi. Wannan ne dalilin da ya sa ba a wanke ƙwan ƙyanƙyasa. Mai ɗan datti a kankare shi a bushe, mai datti da yawa a ci shi. Sayen ƙwai daga garken da aka sani yana kuma kare mai kiwo daga jawo cuta gida, darasin da aka koya da tsada lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla a Magarya a 2006.

Idan aka ga zoben jini a jikin ɓawo, ko ɗan tayi ƙarami kamar ƙwayar wake, mutuwar makon farko ce. Dalilanta su ne tsohon ƙwai, girgiza, zafi mai yawa a kwanakin farko, ko rashin juyawa. Makon farko shi ne lokacin da juyi ya fi muhimmanci, domin in ba a juya ba ɗan tayi yakan manne wa tantanin ɓawo.

Mutuwa tsakanin kwana na 8 da na 17 ba ta cika yawa ba. In ta yi yawa, a dubi abincin iyayen. Kazar da dusa da tsince-tsince kaɗai take samu a rani, babu ɗanyen ganye babu abinci mai gina jiki, takan saka ƙwan da guzurinsa ke ƙarewa a tsakiyar hanya. Ƙwai mai wari, baƙi ko kore a ciki, wanda wani lokaci yakan fashe da ƙara cikin akwati, ƙwayoyin cuta ne suka shige shi ta datti ko ta tsaga. Ɗaya irinsa ya isa ya ɓata maƙwabtansa.

Mafi ciwo shi ne a fasa a tarar da cikakken ɗan tsako da gashinsa ya mutu bai fito ba. A nan sai a lura da kyau. In jikinsa ya kumbura, ya jiƙe sharkaf, gurbin iska da ke gefe mai faɗi ɗan ƙarami ne, danshi ya yi yawa tun farko, ɗan tsako ya huda tantani ya tarar da ruwa maimakon iska. In ƙarami ne, busasshe, tantani ya yi tauri kamar takarda ya naɗe shi, danshi ne ya yi kaɗan, ko an riƙa buɗe akwati bayan ya fara huda ɓawo. In kansa yana wajen tsini, an jera ƙwan tsini a sama, ko ba a juya shi yadda ya kamata ba. In kuwa babu ɗaya daga cikin waɗannan alamu, sai a tuhumi ƙarancin iska ko zafin da ya wuce kima a kwanakin ƙarshe.

Waɗanda suka fito ma suna ba da labari. Fitowa a kwana na 19 ko farkon na 20, da cibiya a buɗe, alamar zafi ya yi yawa ne. Jinkiri har kwana na 22 ko na 23 alamar zafi ya gaza. In wasu sun fito yau, wasu gobe, wasu jibi, to zafin bai zama ɗaya a kowane lungu na akwatin ba, ko an haɗa sabon ƙwai da tsoho. Ƙafafun da suka baje gefe da gefe kuwa santsin daɓe ne yakan jawo su. A shimfiɗa tsumma mai kaushi ko buhun algarara a maimakon leda ko jarida.

Zafi

Mutanen Masar sun fi shekara 2000 suna ƙyanƙyasar ƙwai a ɗakunan tubalin ƙasa, gwanayensu suna ɗora ƙwai bisa fatar ido su gane zafinsa. Wannan gwaninta ce ta gado. Sabon shiga ya nemi ma'aunin zafi, kuma kada ya yarda da shi sai ya gwada shi. Ƙananan ma'aunai masu lamba da ake saye da araha sukan yi kuskuren digiri ɗaya ko fiye, digiri ɗaya kuwa na tsawon mako uku ya isa ya halaka zubi. Gwajin ba wuya: a samo ma'aunin zazzaɓi daga kantin magani, a tsoma bakinsa tare da na akwatin cikin kofin ruwa mai ɗumi, in na akwatin mai shiga ruwa ne, in ba haka ba a jera su wuri ɗaya cikin akwati na rabin awa. A rubuta bambancin a jikin murfi. Ma'aunin zazzaɓi na gilashi yana da wata fa'ida: ba ya sauka sai an kaɗa shi, don haka in an bar shi ciki zai nuna zafi mafi tsanani da aka kai yayin da mai akwati ba ya nan.

Inda aka ajiye ma'auni shi ma abin lura ne. A akwatin da ba fanka, zafi hawa-hawa yake, sama ta fi ƙasa da digiri biyu ko uku. Na taɓa duba akwatin wata ƙungiyar mata da zubi biyu a jere ya lalace musu, na tarar an rataye ma'aunin a jikin murfi kusa da ampul. Yana nuna 38,5 kullum, sakatariyarsu tana rubutawa da gaskiya safe da yamma, alhali ƙwan da ke ƙasa bai taɓa samun ko 36 ba. Bakin ma'auni ya tsaya daidai da saman ƙwai, kada ya taɓa ɓawo, kada hasken ampul ya doke shi kai tsaye. Kafin a zuba ƙwai a kunna akwati babu komai ciki na kwana biyu, a auna tsakiya da kusurwa huɗu. In akwai bambanci, a riƙa sauya wa ƙwai wuri lokacin juyi, na gefe ya dawo tsakiya.

Akwai wata matsala da littattafan ƙasashen sanyi ba su cika ambata ba. Akwatin gida ɗumamawa kawai ya iya, bai iya sanyayawa ba. A Afrilu da Mayu zafin rana a Tawa, Damagaram da Yamai yakan wuce digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin rufin kwano kuma ya fi haka. Ko an kashe ampul, cikin akwati zai bi zafin ɗaki. Bugu da ƙari, daga mako na biyu ɗan tayi yana fitar da zafin jikinsa, ƙwai 60 a wuri ɗaya tamkar ƙaramin murhu ne. Ƙwai yana jure sanyin ƴan awowi, amma awowi kaɗan sama da digiri 40,5 sukan kashe shi ko su nakasa shi. Wanda zai yi zubi a wannan lokaci ya sa akwati a ɗakin ƙasa mai kaurin bango, a ƙasa ba bisa tebur ba, nesa da taga. Ya rataya jiƙaƙƙen buhu a ƙofa, ya buɗe hujojin iska duka, ya tsare ma'auni daga azahar zuwa la'asar. A ganina, wanda ba shi da irin wannan ɗaki gara ya huta a watannin nan biyu. Da hunturu kuma akasin haka ne: sanyin asuba yana ja da zafi ƙasa, mai fitila sai ya tashi cikin dare ya ƙara lagwani, ya kuma tuna ya rage shi da hantsi.

Danshi

Ƙwai yana rasa ruwa ta ƙofofin ɓawonsa, kuma dole ne ya rasa kashi 11 zuwa 13 cikin 100 na nauyinsa kafin kwana na 18, domin gurbin iska ya yi girman da ɗan tsako zai fara numfashi a ciki. Wannan ya ba mu hanyar auna danshi ba tare da wata na'ura ba, sikeli kaɗai ya isa. A ware ƙwai 30 a yi musu alama da fensir, a auna su tare ranar zubi. A ce sun yi giram 1200. A kwana na 9 ya kamata su rage wajen giram 70, a kwana na 18 wajen 145. In ragin ya fi haka da yawa a ƙara ruwa, in bai kai ba a rage. Wanda ba shi da sikeli ya zana iyakar gurbin iska da fensir duk ranar haskawa: a kwana na 18 ya kamata ya kusa cin kashi ɗaya cikin uku na ƙwan. Mai na'urar auna danshi kuwa ya gwada ta haka: ya cika murfin kwalba da gishiri, ya ɗiga ruwa har ya jiƙe bai narke ba, ya ƙulle su tare cikin leda kwana ɗaya. Na'ura mai gaskiya za ta nuna 75.

Faɗin fuskar ruwa ke ba da danshi, zurfinsa ba ya ƙara komai. Faranti mai faɗi ya fi kofi mai zurfi, in an sa soso ko tsumma mai tsabta ciki kuma ya ƙaru. Ruwan da za a ƙara ya kasance mai ɗumi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a riƙe ma'aunin ruwa ɗaya shekara duka. Da hunturu danshin iskarmu yakan faɗi ƙasa da kashi 20, akwati yana shan faranti biyu ko uku. Da tsakiyar damana, a watan Agusta, iskar da kanta a jiƙe take, wani lokaci rabin faranti ya isa har kwana na 18. To zabi kuwa da damana suke saka ƙwai. Wanda ya koyi aikin da ƙwan kaza a watan Janairu, ya zo ya zuba ƙwan zabo a Agusta da ruwan da ya saba, zai tarar da ƴan zabi cikakku sun nutse cikin ɓawonsu, ya ce ƙwan zabo ba ya yi a akwati.

Iska, juyi da ɗaukewar wuta

Ɗan tayi numfashi yake yi ta ɓawo, bukatarsa kuma tana ƙaruwa kullum. Akwati yana son hujoji a ƙasa inda iska ke shiga, da wasu a sama inda take fita. Masu toshe hujoji a kwanakin ƙarshe don danshi ya hau suna shaƙe ƴan tsaki daidai lokacin da suka fi bukatar iska. A ƙara faranti, a bar huji a buɗe. Mai fitilar kalanzir ya tabbata hayaƙi ta bututu yake bi ya fita waje, ba ya shiga wurin ƙwai, kuma harshen wutar ba ya yin baƙin hayaƙi.

Don kada a rikice wajen juyi, a zana alama a gefe ɗaya na kowane ƙwai, wata daban a ɗaya gefen, da fensir. A juya sau 3 ko sau 5, adadin da ba ya rabuwa biyu, domin kada ƙwai ya kwana bisa gefe ɗaya dare biyu a jere. A wanke hannu a bushe shi tukuna. Mai da gumi suna toshe ƙofofin ɓawo.

In wuta ta ɗauke, kada a buɗe murfi. A lulluɓe akwati da bargo a bar hujin iska, in abin ya daɗe a sa kwalaben ruwan zafi da aka naɗe da tsumma a gefe, ba jikin ƙwai ba. A mako na uku da rana tsaka a yi hattara da bargon, domin zafin ƙwan kansa na iya wuce kima tunda fanka ta tsaya. Yankewar ƴan awowi ba ta cika kashe ƙwai ba, jinkirta fitowa take yi. A haska bayan kwana 4 ko 5 kafin a yanke ƙauna.

Daga kwana na 18 hannu ya fita. Ɗan tsako yakan yi awa 12 zuwa 24 tsakanin hudawar farko da fitowa, a lokacin yana janye sauran gwaiduwa da jini zuwa cikinsa. Wanda tausayi ya sa ya ɓare masa ɓawo da wuri yakan tsinka jijiya. Waɗanda suka riga fita ba su bukatar ci ko sha a yinin farko, a bar su su bushe a ciki. Saboda wannan ne ma ba a ƙara sabon ƙwai bisa wanda ya yi nisa, ba a kuma haɗa na kaza da na zabo a zubi ɗaya: wani yana son juyi, wani yana son a bar shi.

Raba laifin ƙwai da na akwati

Akwai gwaji mai sauƙi da ke kashe gardama tsakanin mai sayar da ƙwai da mai haɗa akwati. Ranar zubi a ɗebi ƙwai 8 ko 10 daga cikin wanda za a zuba, a sa wa kaza mai kwanci, kamar yadda aka saba sa mata ƙwan zabo. In kaza ta fitar akwati bai fitar ba, a koma kan akwati. In duka biyu sun gaza, a koma kan garke da ajiya, a kuma nemi ma'aikacin kiwo na yankin ya duba lafiyar iyayen.

Kowane zubi ya samu shafinsa a kaye: ranar zubi, inda ƙwai ya fito da kwanansa, zafi da asuba, da azahar, da dare, ruwan da aka ƙara, awowin da wuta ta ɗauke, adadin da aka fitar a kowace haskawa, da abin da aka gani cikin baragurbi. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne, in dai lambobin sun fito sarai. Wajen lissafi a cire ƙwan da ba shi da iri tukuna: in cikin 60 an fitar da 15 marasa iri, 30 suka ƙyanƙyashe, akwatin ya ba da 30 cikin 45, wato biyu cikin uku, wanda ba abin kunya ba ne ga akwatin gida. A zubi na gaba abu ɗaya kaɗai za a sauya, ko zafi, ko ruwa, ko tushen ƙwai, domin in an sauya uku tare ba za a san wanda ya yi maganin ba. Kafin sabon zubi a share gashi da ɓawo, a wanke akwati da faranti da sabulu, a bi da ruwan jabel da aka sirka, a shanya a rana yini guda, sa'an nan a sake kunna shi babu ƙwai har ma'auni ya tsaya wuri ɗaya.